Yadda Ake Sauya Masan Zama a Matsattsen Banɗaki

Banɗakin cikin ɗaki, irin na gidajen haya da sababbin gine-gine, sau da yawa ragowar fili ne. Magini ya gama yanka ɗakuna, abin da ya saura a lungu shi ya zama bayan gida. Faɗinsa da ƙyar ya kai mita ɗaya, ƙofa tana buɗewa ciki, shawa a bisa kai, ga bokiti, ga buta. Ranar da masan zama ya tsage, ko tankinsa ya ƙi riƙe ruwa har an gaji da gyara, sai a ce a sayo sabo a dasa. A yalwataccen banɗaki wannan aikin rabin yini ne. A matsattse kuwa, santimita 5 kacal na iya hana ƙofa rufuwa, ko ta sa mutum ya zauna gwiwarsa tana tokare da bango.

Saboda haka rabin aikin nan da tef ɗin awo ake yinsa, tun kafin a taɓa sifana. Bututun da ke binne a ƙasa ko a bango shi ke da ikon zaɓar masan da za ka saya. Kai naka bin umarninsa ne.

Awo kafin zuwa kasuwa

Durƙusa ka leƙa bayan tsohon masan da tocila. Ƙazanta ta ina take fita? Ko dai bututun ya nutse cikin daɓe, ko ya ratsa bango ya fita waje. A kasuwa na farkon shi ne mai S, na biyun mai P. Bututun kansa kusan kullum mai inci 4 ne, wato milimita 110.

In mai fitar ƙasa ne, auna daga bango zuwa tsakiyar bakin bututun. Daga saman tayil za ka fara awon, kuma tsakiyar ramin kake nema, kada ka tsaya a gefensa. Masan da ke kasuwa kowanne da tazarar da aka ƙera shi a kai, akwai na santimita 25, akwai na 30, akwai na 40. Ka sayi na 30 alhali raminka yana 25, tanki zai daki bango kafin bakin masan ya kai kan rami. Ka sayi na 25 raminka yana 30, zai zauna, amma ya bar giɓi a bayansa, ya kuma cinye maka santimita 5 a gaba, inda kake da bukatarsu. In da wani banɗakin da za a lallaɓa da shi a gidan, gara ka cire tsohon tukuna ka auna ramin ido da ido, sannan ka tafi kasuwa.

In mai fitar bango ne, tsayi za ka auna, daga daɓe zuwa tsakiyar bututun. Yawancin masai na wannan nau'in bakinsu yana wajen santimita 18 daga ƙasa. A nan ne gidajen da aka ɗora sabon tayil a kan tsoho suke ba da wahala, domin daɓe ya tashi, bututu yana nan inda yake. In bututun ya ɗan fi bakin masai ƙasa, da sauƙi, akwai robar haɗi mai karkata da ke cike wannan. In kuwa ya fi shi sama, ruwa ba ya hawan tudu. Sai dai a fasa a sauke bututun, ko a ɗaga mazaunin masan.

Sai filin zama. Wasu dokokin gini na Amurka sun sa mafi ƙarancin tazara daga tsakiyar masai zuwa bangon gefe inci 15, kimanin santimita 38, a gaba kuma inci 21, kimanin santimita 53. In ka samu 60 a gaba ya fi. Mu da muke tsarki da ruwa muna bukatar gefen fiye da su: hannun dama yana riƙe da buta ko 'yar shawar tsarki, na hagu yana aiki, kuma butar tana son wurin ajiya da hannu zai kai ba tare da an miƙe ba. Masan da aka manna da bangon dama ya cuci duk wanda zai zauna a kai.

Ƙarasa da ƙananan awo guda uku da aka fi mantawa. Ta wane gefe ruwa yake shigowa, kuma nawa ne tsayin bakin famfon daga ƙasa? Akwai taga ko kwanon wanke hannu da zai tare saman tanki? Murfin tanki yana bukatar sarari a samansa, don watarana sai an buɗe shi. Sannan ƙofa: buɗe ta a hankali, ka zana da alli a ƙasa inda bakinta yake bi.

Yanzu nemo kwali, ka yanka shi daidai tsawo da faɗin masan da kake tunanin saye, ka shimfiɗa a wurin. Ɗora bokiti a kife a kai ka zauna. Rufe ƙofa, buɗe ta, miƙa hannu kamar za ka ɗauki buta. In da dattijo ko mai jiki a gidan, da shi za a yi wannan gwajin.

Wani zai tambayi alƙibla, kuma tambaya ce mai kyau tunda ana cikin sauyi. Hadisin Abu Ayyub al-Ansari da ke cikin Bukhari da Muslim ya hana fuskantar alƙibla ko ba ta baya wajen biyan bukata. Malikiyya da Shafi'iyya sun ɗauki hanin a kan fili, sun sauƙaƙa a cikin gini, suna kafa hujja da hadisin Ibn Umar. In juya masan zai yiwu ba tare da fasa daɓe ba, juya shi, hankalin kowa ya kwanta. In ba zai yiwu ba, ka tambayi malaminka kafin ka ɗauko guduma.

A kasuwa

Ko Ƙofar Ruwa ka nufa a Kano, ko Dei-Dei a Abuja, ko shagon kayan famfo na garinku, tafi da tef ɗinka da takardar awonka. Mai shago zai ce maka, “Yallaɓai, ai duk ɗaya ne, zai shiga.” Ka ce masa, “Alhaji, bari dai in auna.” Masan da aka saba gani tsawonsa daga bango zuwa baki yana tsakanin santimita 65 da 70. Akwai gajeru masu kimanin 60, su kake nema. Mai zagayayyen baki ya fi mai dogon baki tsimin wuri.

A ganina, ga matsattsen wuri, wanda tankinsa ke zaune a kan kwanon amma ana iya raba su biyu shi ya fi dacewa. Wanda aka ƙera dunƙule guda yana da kyan gani, sai dai nauyi, kuma juya shi a cikin lungu aikin mutum biyu ne a wurin da mutum ɗaya ma da ƙyar yake tsayawa. Wanda aka rufe gefensa sumul har bango ya fi sauƙin wankewa, amma ya ɓoye duk inda hannu zai shiga, ga tiyo ga noti duk a bayansa. Na rataye a bango mai ɓoyayyen tanki ya fi kowa gajarta, amma yana bukatar firam na ƙarfe da ƙarin gini a gaban bango, wanda shi ma yana cin fili. Wannan aikin ƙwararren mai gyaran famfo ne.

Kafin ka biya, sa a fito da shi daga kwali. Ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa: lafiyayyen tangaran yana amsawa da ƙara mai zaƙi, mai ɓoyayyar tsaga kuwa sai ka ji ta dushe. Ajiye shi a kan shimfiɗaɗɗen siminti ka ga ko yana rawa. Zura hannu cikin maƙogwaronsa, in ka ji kaushi, nan ƙazanta za ta riƙa maƙalewa. Duba kayan cikin tanki su ma, ka tabbata irin waɗanda ake samun madadinsu ne a kasuwa. Kuma zaɓi tankin da ruwa ke shiga ta ƙasansa. Mai shiga ta gefe yana son ƙarin wuri a gefen da ba ka da shi.

Sayi sauran kayan a tafiya ɗaya: sabuwar robar haɗi, wadda ake ce wa kwanekta, sabon tiyo mai lanƙwasa na rabin inci, ƙaramin bawul na bango, farin tef na famfo, silikon na banɗaki, fisha, wato robar da ake cusawa a rami ta riƙe sukuru, da sukuru waɗanda ba sa tsatsa. Kada ka maida tsohuwar roba ko tsohon tiyo. Wajen tiyo da bawul musamman, araha ba ta ado. Tiyon da ya fashe da tsakar dare sai ya juye tankin sama gaba ɗaya a cikin ɗaki. Kayan aiki kuwa: sifana mai daidaitawa, sukudireba gajere, zarton ƙarfe, guduma da kurfi, injin huda, ma'aunin lebur na magina, safar hannu mai kauri, tabarau, soso, tsummoki da leda.

Cire tsohon

Fara da cire ƙofar banɗakin daga hinjinta ka jingine ta a waje. Minti biyar ne, amma ita ke ba ka wurin durƙuso da wurin fitar da kaya. Buɗe taga. Fitar da bokiti da duk wani tarkace.

Rufe ruwa a bawul ɗin da ke kusa da masan. In babu, ko ya ƙi juyawa, rufe daga tankin sama. Kora ruwan tanki, ka tsane ragowar da soso. Na cikin kwanon ka kwashe da gwangwani, ka ƙarasa da soso, domin duk abin da ka bari a ƙafarka zai zube lokacin ɗagawa. In za ka wanke shi da bilic kafin ka taɓa, to, amma kada ka haɗa bilic da asid ɗin wanke tayil. Haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin, kuma a ɗan ƙaramin ɗaki irin wannan tana iya kayar da mutum.

Kwance tiyo, ka tara ƙaramin kwano a ƙarƙashinsa. Kwance notin biyu da ke riƙe da tanki ta ƙasa, ɗaga tankin ka fitar. In notin sun ci tsatsa, kada ka yi ta kokawa da su, zare ruwan zarton daga jikinsa, naɗe gefe guda da tsumma, ka yanke su.

Kwanon kuma iri biyu ne. In da sukuru aka ɗaure shi, kwance su, yanke silikon da wuƙa, ka girgiza shi hagu da dama a hankali, sannan ka jawo shi gaba in mai fitar bango ne, ko ka ɗaga sama in mai fitar ƙasa ne. Amma a yawancin gidajenmu da siminti aka dasa shi, har cikin gindinsa an cusa kwaɓi. Wannan ba ya fita da rai, sai an fasa. Sa tabarau da safar hannu, rufe shi da tsohon buhu, ka fara fasawa daga wuyansa na baya don ka raba shi da bututu. Fasasshen tangaran ya fi reza kaifi, kuma ƙazantacce ne, don haka yara su yi nisa, kai ma kada ka shiga da silifas.

Da zarar bakin bututu ya bayyana, cusa tsumma a cikin leda, ɗaure da igiya, ka toshe shi, ka bar igiyar a waje. Toshiyar tana hana ɓaraguzai faɗawa, tana kuma tare warin sokawe da kyankyasai. Iskar da ke fitowa daga can tana iya kama wuta, saboda haka in an ɗauke lantarki tocila za ka kunna, ban da kyandir, ban da sigari. Sassaƙe ragowar simintin da kurfi, bakin kurfin yana kallon nesa da bututu. Bututun roba da ya daɗe yana yin gautsi, bugu ɗaya na ganganci sai ya tsage har cikin daɓe, ƙaramin aiki ya koma babba. In ka tarar da bututun asbesto, irin na wasu tsofaffin gidaje, kada ka sa masa injin yanka, ƙurarsa cuta ce ga huhu.

Gwajin bushe

Share wurin tas. Cike ramukan da fasawa ta bari da siminti, ka lallashe su daidai da tayil, ka bari su sha iska. Duba bakin bututu: in ya yi tsawo yanke shi, ka goge kaifin bakin da fayil don kada ya yaga roba. Wannan ne kuma lokacin sauya bawul ɗin bango, tun wurin yana fili. Naɗa farin tef a kan zaren ta ɓangaren da ake ɗaurewa, ka juya bakin bawul ɗin ya kalli inda tiyo zai tafi ba tare da ya karye ba.

Shigo da kwanon shi kaɗai, ba roba ba komai, ka ajiye a mazauninsa. Ɗora tanki a kai haka nan, ka ga ko bayansa ya kwanta da bango. Duba yadda bakin masan ya fuskanci bututu. In sun yi daidai, miƙaƙƙiyar kwanekta ta isa. In sun saɓa kaɗan, akwai mai karkata ta santimita 2 da ta 4, ana juya ta har ta kama. In raminka a ƙasa yake, kuma tazararsa ba ta dace da kowane mai S ba, ga dabara: sayi mai P, ka sa masa kwanekta mai gwiwa da ke lanƙwasawa ƙasa. Masai da yawa haka ake dasa su.

Akwai kuma kwanekta mai kama da maƙogwaro, mai miƙewa da lanƙwasa. Tana fitar da mutum kunya a wuri mai wuya, amma ni ba na sonta sai dole. Cikinta ƙunƙumi-ƙunƙumi ne, yana riƙe datti, kuma in ta yi tsawo sai ta yi ciki a tsakiya ruwa ya kwanta. In ka sa ta, ta zama gajera, ta kuma gangara zuwa bututu tun daga farko har ƙarshe. Abin da bai kamata a yi ba ko kaɗan shi ne abin da aka fi yi: a cusa takardar buhun siminti a mahaɗar, a shafe da kwaɓi. Siminti ba ya kama roba, ba ya kama tangaran mai santsi. Bayan 'yan watanni siririyar tsaga za ta buɗe, wari ya fara, a yi ta zargin masai.

Ɗora ma'aunin lebur a kan bakin kwanon, gaba da baya, hagu da dama. Daɓen banɗakinmu da gangan ake karkata shi zuwa magudana, don haka da wuya masai ya zauna daram da kansa. Cusa 'yan ɓallin roba a ƙarƙashin gefen da ya yi ƙasa har ƙwayar ruwan ta tsaya tsakiya. Ban da katako ko kwali, ruwa zai cinye su. Da fensir zagaye gindin masan a kan tayil, ka sa alama a ramukan sukuru, sannan ka fitar da shi.

Haɗa komai a waje

Nan ne matsattsen banɗaki ya bambanta da saura. Duk notin da za a iya ɗaurewa a tsakar ɗaki, a ɗaure shi a can, a kan tabarma ko kwali, inda kake gani kake kuma juya hannu. Da zarar masan ya shiga lungu, wasu notin sai da lalube, kwance a ƙasa, kunci a jikin tangaran.

Fara da bawul ɗin kora ruwa, babban da ke tsakiyar tanki. Washarsa ta roba a cikin tanki take zama, babban notin roba ta waje. Ɗaure da hannu, ka ƙara kamar rabin juyi da sifana. Sa kaurin zoben soso a kan notin, shi ke toshe tsakanin tanki da kwano. Sai bawul ɗin cika ruwa, shi ma washa a ciki, noti a waje, ka tabbata abin da ke tasowa da ruwa ba ya gugar bangon tanki. Ɗaura tiyo a gindinsa tun yanzu.

Wani abu game da wannan bawul ɗin: yawancinmu daga tankin sama muke samun ruwa, kuma kowace mita ɗaya ta tsayi kusan kashi ɗaya cikin goma na “bar”, wato ma'aunin ƙarfin ruwa, take bayarwa. Tankin da ke mita 4 sama da banɗaki ƙarfin ruwansa bai kai rabin “bar” ɗaya ba. Wasu bawul ɗin suna zuwa da 'yar roba a bakinsu mai rage gudun ruwa, an yi ta ne don garuruwan da famfo ke da ƙarfi. In takardar da ke cikin kwalin ta nuna ana cire ta, cire, in ba haka ba tanki zai yi ta tsiyaya kafin ya cika. 'Yar rariyar tace yashi kuwa bar ta, ruwan burtsatse yana zuwa da yashi.

Ɗora tanki a kan kwano. Sukuru biyu ne, kowanne da washar roba a cikin tanki. Ɗaure su bi da bi, kaɗan a dama, kaɗan a hagu, har tanki ya zauna lebur ya daina motsi. Tangaran ba ya gargaɗi, ƙas ɗaya za ka ji shi ke nan, don haka da ya kama ka tsaya. Sa murfin zama shi ma yanzu in ta ƙasa ake ɗaure shi. In ka ga haɗaɗɗen ya fi ƙarfin ɗaukarka ko ba zai juya ta ƙofa ba, shigar da kwanon kusa da mazauninsa, ka bar tazarar hannu a baya, ka ɗora tankin a nan kafin turawar ƙarshe.

Huda da dasawa

Manna tef na takarda a kan alamomin don kada bakin injin ya zame. Huda tayil a hankali, ka kashe bugun injin sai ka ratsa tayil ɗin, sannan ka kunna bugu don siminti. Zurfin ya tsaya daidai tsawon fisha. Tuna ta inda bututun ruwa da na masai suka bi a ƙarƙashi. Ramukan wasu masan a karkace suke, ka bi karkatar. In a bene ne, matsa silikon cikin ramin kafin ka buga fisha, don kada ruwan wanka ya samu hanyar sauka kan silin na ƙasa.

Ciro toshiyar leda. Faɗa da ƙarfi ka ji da kunnenka, domin an sha dasa masai a kan tsumma. Tura gefen kwanekta mai fika-fikai cikin bututu har ya nutse. Shafa ruwan sabulu a bakin masan da cikin robar. Ban da baƙin mai ko man shafawa, suna lalata roba. Tura masan a miƙe, gwiwoyinka biyu a gefensa, har gindinsa ya hau zanen fensir. Haska tocila ka duba leɓen robar ya zagaye bakin ko'ina bai naɗe ba. Inda ido ba ya kaiwa, ɗauki hoto da waya. Wasu masu fitar ƙasa da zobe mai danƙo suke zuwa maimakon kwanekta. Shi ana manna shi a bakin masan ta ƙasa, a sauke a kan rami sau ɗaya, a danna. In ka ɗaga, sai sabon zobe.

Maida 'yan ɓallin roba, sake duba lebur, sa sukuru tare da hulunansu na roba don ƙarfe kada ya taɓa tangaran kai tsaye. Ɗaure bi da bi. Zauna a kai ka motsa. In ya yi rawa, ƙara ciko, kada ka ƙara ɗauri. In tankin yana da ramukan ɗaurewa a bango, ɗaure shi, amma in da giɓi a baya sa wani abu ya cike, kada ka jawo shi da ƙarfin sukuru.

Mai gyaran famfo na iya ce maka sai an dasa da siminti zai yi ƙarfi. Siririn farin siminti a ƙarƙashin gefen gindi, inda daɓe bai daidaita ba, babu laifi. Cika cikin gindin da kwaɓi mai ƙarfi kuwa yana iya tsaga masan daga baya, kuma ranar da bututu ya toshe sai an fasa lafiyayyen masai kafin a kai gare shi.

Ruwa da gwaji

Kafin ka haɗa tiyo da bawul ɗin bango, buɗe ruwan cikin bokiti na ɗan lokaci ya wanke yashi. Haɗa tiyon da hannu, ka ɗan ƙara da sifana. Yana da washarsa, ba ya bukatar tef. Buɗe a hankali ka tsaya kana kallo. Ruwa ya tsaya a layin da aka zana cikin tanki, ko kimanin santimita 2 ƙasa da bakin bututun ambaliya. Masu maɓalli biyu yawanci lita 6 suke saki a babba, 3 a ƙarami, tsofaffin kuwa 9 ko fiye. Saboda ruwan kaɗan ne, in ka saita shi ƙasa da layi ba zai kora da kyau ba.

Goge ko'ina ya bushe, ka bi kowace mahaɗa da busasshiyar takardar tishu: gindin tiyo, bawul, ƙarƙashin sukurun tanki, tsakanin tanki da kwano, kewayen kwanekta. Kora ruwa sau biyar ko shida, kana sake shafawa. Tishu yana nuna ɗigon da yatsa ba ya ji. Fita waje ka buɗe murfin cemba, wato ramin duba bututu, wani ya kora, ka ga ruwan ya iso da ƙarfi. Daga nan ɗiga bula a cikin tanki ka bar shi minti 20 ba a taɓa ba. In shuɗi ya bayyana a kwano, bawul ɗin kora ruwa bai zauna ba. Irin wannan yoyon ba ya ƙara, amma shi ke ƙarar da tankin sama, ya kuma cika sokawe kafin lokacinsa.

Silikon shi ne na ƙarshe, bayan ka gamsu babu yoyo. Wasu suna barin ɗan giɓi a baya don in yoyo ya taso a gani. A banɗakin da ake wanka da alwala a ƙasa ɗaya, giɓin nan ƙofar shigar ruwa ne, don haka ni na fi son a jinkirta silikon ɗin zuwa washegari, a sake gwajin tishu, sannan a zagaye gindin duka. Wurin ya bushe sarai kafin a sa, a lallashe da yatsa mai ruwan sabulu, a bar shi awa 24 ba wanka. Wajen maida ƙofa, in ka ga tana shafar bakin masan, juya hinjin ta riƙa buɗewa waje. Hakan ma ya fi aminci, domin in wani ya faɗi a ciki jikinsa ba zai tokare ta ba.

In daga na tsuguno ake komawa na zama

Ana yawan yin wannan saboda iyaye masu ciwon gwiwa, kuma aikin ya fi wanda aka bayyana a sama. Masan tsuguno yawanci yana da tarkon ruwa daban a binne a ƙarƙashinsa, wato lanƙwasar da ke riƙe ruwa ta tare wari. Na zama kuwa da nasa a jikinsa. In aka ɗora shi a kan tsohon tarkon, sun zama biyu a jere, iska ta maƙale a tsakani, ruwa ya riƙa tafiya da nawa. Dole a haƙa a cire na ƙasan, a sa gwiwa, a kawo bakin bututu daidai tazarar sabon masan, da gangara kimanin santimita 2 da rabi a kowace mita. Ga dattijo, nemi mai tsayin santimita 45 zuwa sama maimakon 40 da aka saba, ka kuma kafa mariƙin ƙarfe a bango da zai dafa ya tashi.

In an gama komai, ba yoyo, amma masan yana gurnani bayan an kora, ko ruwan cikin kwanon yana raguwa da kansa wari na shigowa, fita ka dubi bututun shaƙar iska da ke bin bango zuwa saman rufi. Wani gidan ba a sa shi ba sam, wani kuma tsuntsu ya yi sheƙa a bakinsa. A buɗe shi, a sa masa hula mai raga, tsayinsa kuma ya wuce saman taga mafi kusa.